Malam Ya Ce Da Sauƙi

A unguwar Mabera ta Sakkwato an san ni da rashin iya dubiya. Matan unguwa har tsokanata suke yi, wai idan aka hango ni da ledar lemo na nufo gidan marar lafiya, to a yi maza a ɓoye shi a bayan ƙyaure. Su yi ta faɗa, ba su yi ƙarya ba. Ba na zama a gefen tabarma in ce sannu, Allah ya sawwaƙe, in tashi. Mayafi nake yayewa, in danna ƙwaurin mutum da babban yatsa, in ga ko wurin zai loɓa ya ƙi tasowa. Idan na ce yaya jiki aka amsa mini da "da sauƙi", muryar mijina nake ji a ciki. Da wannan kalmar a bakinsa ciwon zuciya ya cinye shi a gaban idona.

Ni ɗiyar rundawa ce, wato mahauta, a Ƙofar Kware aka haife ni. A gidanmu ba a rufa wa ciwo asiri. Idan bayan babana ya riƙe bayan ya dawo daga kwata, sai duk layin ya ji labari, da inda ke ciwon, da sunan bijimin da ya jawo masa. Da wannan bakin na tashi, da shi na yi koyarwa a firamare, da shi kuma aka kai ni gidan malamai. Kakan mijina alƙali ne, ubansa limami. Shi kansa a sashen kula da ma'aikata na wata hukumar gwamnati yake aiki, amma kowa Malam yake ce masa, har ni. Mutanen gidansu magana suke yi kamar ana barci a ɗaki na gaba.

Farkon aurenmu haƙori ya kama ni. Duk wanda ya shigo gaisuwar amarya sai na buɗe masa baki na nuna masa. Da aka watse, Malam ya zaunar da ni ya yi mini nasiha a hankali, wai wanda ke yawan kukan ciwo ga mutane kamar ya kai ƙarar Ubangiji ne wurin bayinsa. Na ce, "Malam, haƙori na ka ciwo, ba tauhidi ba." Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Daga ranar ya daina kiran sunana, sai ɗiyar rundawa.

Da shekaru suka ja, aka gano yana da hawan jini. A lokacin hukumarsu ta riga ta saka ma'aikatanta a inshorar lafiya, an ba mu kati, an ce mu zaɓi ƙaramin asibiti guda wanda za mu riƙa fara zuwa. Muka zaɓi wani na kusa da gida. Kowane wata Malam yakan je ya bi layi a ƙarƙashin dogon yaro, ni kuma in raka shi idan babu makaranta, don na san halinsa. Likitan dattijo ne, ɗan gari. Yakan ce, "Malam, yaya jiki?" Malam ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Likita ya ce, "Madalla, hau gado." Amsar ba ta taɓa hana shi komai ba. Idonsa na kan yadda Malam ya shigo, da yadda ya sunkuya ya tuɓe takalmi, da ko ya tsaya ya huta kafin ya hau gadon. Akwai ranar da ya canza masa magani tun kafin ya ɗaura masa abin awo a hannu.

Wata rana Malam ya dawo daga ofis da fara'a. Ina zuba masa tuwon shinkafa yana ba ni labari. Wai wasu mutane daga kamfanin inshora sun zo sun tara ma'aikata sun yi musu bayanin sabon tsari.

Ya ce, "Da, sai ka tahi asibiti an duba ka sannan a biya su. Yanzu hukumarmu da kamhwanin sun shirya, kowane wata za a ba asibiti kuɗi bisa kowane kai, ko ka zo ko ba ka zo ba. In mutanensu sunka zauna lahiya, a ƙara musu wani abu bisa."

Na ajiye mara na ce, "Bisa kowane kai? Malam, mu gidanmu shanu muka ƙirgawa da kai."

Ya ce, "Ke dai ba ki rasa ta cewa. Ki duba adalcin abin. Da, likita da ciwonka shika ci, yanzu da lahiyakka za shi ci."

Sauran bayanin shi ne, masu hawan jini da masu ciwon suga waɗanda jikinsu ya daidaita ba sai sun riƙa zuwa layi kowane wata ba. Za a kai musu maganin watanni har ofis, a raba musu ɗan abin awon jini na gida, sannan wata nas ta riƙa kiransu a waya tana jin halin da suke ciki. Likita kuma ya samu sararin duba waɗanda ciwonsu ya yi tsanani. Malam yana cikin waɗanda aka ce sun daidaita, kuma ya ji daɗin haka kamar yaron da ya zo na ɗaya.

Ba zan ci amanar gaskiya ba, abin ya yi mana rana da farko. Magani ya daina yankewa. An daina ce mana babu, mu je kemis. Malam ya huta da zaman layi cikin zafin Sakkwato, wanda kowa ya san ba na wasa ba ne. Maƙwabciyarmu mai ciwon suga har yau tana yi wa tsarin addu'a, don ita da an kira ta take zazzage komai, har da mafarkin da ta yi.

Nas ɗin da aka ba Malam yarinya ce mai ladabi, daga muryarta ka san an yi mata tarbiyya. Takan kira da hantsi, sau da yawa ranar Asabar yana gida. Yakan sa wayar a sifika saboda kunnensa, don haka ina jin komai daga madafa.

"Baba, ina kwana? An tashi lahiya?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Yaya aiki? Yaya mutanen gida?"

"Lahiya lau, Baba. Yaya jikin?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Takan tambaye shi abin da awo ya nuna, ya karanta mata. Takan tambaya ko yana shan magani, ya ce yana sha, kuma gaskiya ne, bai taɓa tsallake ko ƙwaya ɗaya ba. Takan ce ko akwai wata damuwa, ya ce babu sai alheri. Ya sa mata albarka, ta ce amin, su rabu kowa yana jin daɗin kowa. Ita ta san "da sauƙi" gaisuwa ce, ai Bahaushiya ce. Amma yaya yarinya za ta ce wa dattijo sa'an ubanta, Baba ban yarda ba, a sake faɗa mini? Kuma ta waya ba a ganin yadda mutum ke tuɓe takalmi.

Kafin azumin shekarar na fara lura da ƙafafunsa. Da yamma idan ya cire safa, sai in ga shatar robar ta nutse a fata. Daga nan takalminsa na ofis ya fara matse shi. Ya ce fatar ce ta bushe saboda zafi, ya sa aka shafa mata mai. Ya ƙara filo a gado, ya ce wuyansa ne. Masallacin unguwa da yake zuwa da sauri kamar ana korarsa, ya koma tsayawa a hanya yana gaisawa da mai shago gaisuwar da ba ta ƙarewa, don kawai ya samu ya mayar da numfashi. Awon jinin kuwa bai nuna wani abin tashin hankali ba, kuma da shi yake rufe mini baki. Ya nuna mini lambobin ya ce, "Ga shi, inji ma ya shaida."

Da yarinyar ta kira a watan, na bar tukunya a wuta na zo na tsaya a kansa. Ta ce, "Baba, ƙahwa ba ta kumburi ko?" Ya ce, "A'a, ba wani abin a zo a gani ba." Na ɗaga murya na ce, "Ƙarya ta, ɗiyata, ƙahwahunai sun yi kamar turmi!" Ya yi wuf ya kashe sifika, ya kara wayar a kunne, ya ce mata, "Mamarku ta, kin san mata da tsoro. Zahi na. Da sauƙi." Na ji ta tana cewa in dai ya ƙaru ya daure ya zo a duba shi. Ya ce in sha Allahu.

Ranar mun yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Wato ni na yi faɗan, shi yana jan carbi. Ban taɓa ƙaryata shi a gaban wani ba sai ranar, kuma abin ya yi masa ciwo fiye da ƙafar. Ya yini bai kira ni ɗiyar rundawa ba.

Ranar Litinin na tashi daga makaranta na hau babur ɗin kabu-kabu na tafi asibitin ni kaɗai. Tsohon likitan yana ciki da marasa lafiya har bakin ƙofa, ban samu ganinsa ba. Matar da ke kan kwamfuta ta duba ta ce Malam yana cikin masu lafiya, lokacin ganin likitansa sai bayan babbar salla. Na ce mai lafiya a wurin wa? Ta ce haka bayanin kiran ya nuna, kowane wata yana samun sauƙi. Kowace "da sauƙi" da ya yi ta rabawa don ladabi, ashe tara su ake yi ɗaya bisa ɗaya, har suka zama shaidar ya warke. Ba ta kore ni ba, Allah ya gani. Ta ce ƙofa a buɗe take, in kawo shi ko gobe, za a duba shi.

In kawo shi! Kamar akuya ce da zan ja da igiya.

Na dawo na faɗa masa. Ya ce, "Na hwaɗa ma yarinyag ga da sauƙi. In na tahi yanzu da ƙahwa haka, mi za a ce mata? A ce ba ta iya aikinta ba. Ƙila a kore ta, ƙila ita ka riƙon gidansu." Na ce to shi ke nan, ka mutu don kada a yi wa ɗiyar wani faɗa. Ya ce mutuwa tana da ranarta. Ya ƙara da cewa an ware likita ne don waɗanda suka fi shi buƙata, ba zai je ya tare wa wani bawan Allah layi ba. Ka ji mutum. Ko a wurin ciwo kawaici yake yi, kamar an sa tuwo a gaban baƙi.

Na kira yayansa, babban gidansu, wanda shi kaɗai ne Malam ba ya yi wa musu. Na zayyana masa komai. Ya ce zai bincika. Bayan magariba ya kira ni ya ce, "Na yi magana da shi ta waya. Ya ce da sauƙi." Na rasa abin da zan yi, dariya ko ihu. Na ce na gode, Yaya.

Haka muka ci azumi. Ya ƙi ajiyewa. Ya koma salla a zaune, ya ce gwiwa ce. Na rage gishiri a miya har yaranmu suka fara satar zuwa gidan kakarsu cin abinci. Ya fara zuwa ofis da silifas, mutumin da ko shago ba ya zuwa sai da takalmi sau-ciki. Yarinyar ta sake kira, na ji shi daga tsakar gida yana jan numfashi tsakanin kalma da kalma, yana sa mata albarka. Ta tambaye shi ƙafar, ya ce ta sauka. Ta ɗan sauka kuwa da safen nan, don haka a wurinsa bai yi ƙarya ba. Tsoro nake ji a lokacin, tsoro mai sa mutum ya manta ko ya sa gishiri ko bai sa ba, kuma babu wanda zan nuna wa abin da nake gani.

Bayan ƙaramar salla, wata safiya na shiga da shayi na same shi zaune a bakin gado da silifas ɗaya a hannu. Na yi sallama. Ya fara amsawa, numfashi ya yanke masa a tsakiya, bai kai ƙarshe ba. Na ajiye kofin na kira yayansa na ce, "Yaya, ba waya za ka yi mishi ba. Ka taho ka gani da idonka, in ba haka ba wallahi ƙohwar gidanka zan zo in zauna in yi ta kururuwa har unguwa ta taru." Ya san zan aikata. Ya zo da mota, ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki ya dubi ƙaninsa, ya ce, "Tashi mu tahi." Malam ya tashi. Abin da na yi wata da watanni ina roƙo, kalma uku suka yi shi.

Tsohon likitan yana ganinsa ya miƙe daga kujera. Bai ma tambayi jiki ba. Ya danna ƙwaurin, yatsansa ya nutse, ramin ya zauna. Ya ce, "Malam, tun yaushe?" Malam ya ce, "Kwana biyu na." Na ce, "Tun kahin azumi, likita!" Likitan ya dube ni, ya dubi ƙasa. Ya ce zuciyar ce ta gaza, ruwa ya taru har huhu, sai babban asibiti. Aka nemi lambar izini daga kamfanin inshora, wadda sai da ita ake tura mutum gaba. Na sha jin ana kuka da jiran lambar nan, amma tamu ba ta daɗe ba. Ko ita ba ta ba ni wanda zan zaga ba.

A babban asibiti aka sa masa robar iska a hanci, aka yi ta ba shi allurar fitar da ruwa. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa, abokan aiki da almajiran ubansa da dangina na Ƙofar Kware da ledojin kilishin da ba zai iya ci ba. Kowa ya ce yaya jiki, sai ya ɗaga hannu ya ce da sauƙi, su ce madalla, ai ga shi nan ya warware. Ni ina gefe ina kallon ƙirjinsa yana hawa da sauka kamar na wanda ya yi gudu.

Muna nan kwance wayarsa ta yi ƙara da hantsi. Lokacin kiran wata ya zagayo, kuma labari bai kai ga yarinyar ba. Ni na ɗauka. Ta ce, "Mama, ina kwana? Yaya jikin Baba?" Na fita baranda na faɗa mata komai, ban rage ko ɗaya ba, da silifas ɗin, da sallar zaune, da robar da ke hancinsa. Na yi niyyar in wanke ta tas. Sai na ji ta ce da wata ƙaramar murya, "Mama, wallahi ce mini ya yi da sauƙi." Na ce, "Na sani, ɗiyata, ina wurin." Ta fashe da kuka, ni ma faɗan ya tsere mini.

Da na koma ciki ya gane da wa nake magana. Ya miƙo hannu. Na ba shi wayar don ban iya hana shi ba. Ya janye robar daga hancinsa, ya tattaro numfashi, ya ce, "Ɗiyata, bar kuka. Kin yi aikinki. Da sauƙi." Har yau ina jin haushinsa a kan wannan, kuma har yau ban ga mutumin da ya kai shi kirki ba. Abin ya ƙi rabuwa gida biyu a raina.

Da la'asar ranar, mutane sun ragu, yayansa ya tafi masallaci. Malam ya yafito ni na matso. Ya kama yatsuna, hannunsa sanyi ƙalau cikin wannan zafin. Ya ce, "Ɗiyar rundawa." Na ce na'am. Ya ce, "Akwai ciwo." Shekara da shekaru ina jiran in ji wannan daga bakinsa. Da na ji, sai na ga gara da bai faɗa ba. Na ce sannu, Malam, Allah ya sawwaƙe. Ni mai baki, abin da na iya samu ke nan.

Washegari da safe ya ce yana marmarin kunun tsamiya, irin wanda nake damawa, ba na masu sayarwa a bakin asibiti ba. Na yi murna, na ɗauka alamar dawowar ci ce. Na bar shi da yayansa na koma Mabera. Ƙanwata tana gidan tana kula da yara. Na jiƙa tsamiya, na tace gasara, na ɗora ruwa. Ruwan ya fara tafasa ke nan waya ta yi ƙara.

Yayansa ne. Ya yi sallama cikakkiya, ya tambayi yara. Sannan ya ce, "Ki taho, jikin ya ɗan matsa mishi."

Na zauna da mutanen gidansu tsawon da zan san ma'auninsu. Mutumin da ruwa ya cika wa huhu ya ce da sauƙi. To me zai sa yayansa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya buɗe baki a waya ya ce jiki ya matsa?

Na ce, "Yaya, in taho da kunun?"

Ina jin ƙarar keken marasa lafiya yana wucewa a bayansa. Ya ce, "Bar shi nan."

Na sauke tukunyar, na kashe wuta. Na ce wa ƙanwata ta share zaure, ta fito da tabarmi duka, har da na cikin ɗakin Malam.